Azumin da Na Auna wa Manu Ruwa

Azumin bana ya zo da irin zafin da na sani. Tun goman farko nake wuni a zauren gidan ɗana a Gwallameji, in an kawo wuta fanka ta yi ta juyi, amma iskar da take turo mini ta tanda ce. Shekara uku ke nan likita ya hana ni azumi, sai ciyarwa. Jikokina kuwa sun maida ni ragon layya, duk wanda ya gifta sai ya dire mini gorar ruwa ya ce, "Kaka, ka sha mana." Rana tsaka, kowa baki a bushe, ni kaɗai ake lallashi. Ba su san dalilin da ya sa nakan daɗe ina kallon gorar kafin in kai ta baki ba. Na doshi casa'in, waɗanda suka san zancen duk ƙasa ta rufe musu ido, don haka gara in faɗa da bakina.

Mu biyu Allah ya bar wa mahaifiyarmu, ni da ƙanena Usmanu, wanda kowa ke kira Manu. Asalinmu masu shanu ne, a bayan Inkil muka tashi muna bin garke. Ciwon huhu ya shiga shanun ya share su cikin damina biyu, mahaifinmu bai daɗe ba ya bi bayansu, sai muka tattara muka shigo gari muka kama ɗaki biyu a Wunti. Ni na koyi ɗinki. Manu ya samu aikin masinja a ofishin En'e, kuma ƙafarsa ce ta sama masa.

Manu bai iya tafiya irin ta mutane ba. In an ba shi takarda zuwa wani ƙauye, sai ya soke ta a hula ya kama sassarfa, ba zai tsaya ba sai ƙofar dagaci. Ba shi da saurin fizga, a gudun nan da can yaran makaranta ma za su bar shi. Amma a ce a yi ta yi har rana ta karkata, nan kam babu na biyunsa. Wani akawu ya lura da haka ya sa sunansa a tseren mil shida na wasannin lardi. Ya shiga ba takalmi, da gajeren wandon da na ɗinka masa da ragowar akoko, ya zo na ɗaya. Shekara ta zagayo ya sake. Daga nan aka fara cewa duk wanda ya ci na gaba, wanda za a yi mako biyu bayan ƙaramar Sallah, shi za a tura Kaduna, har ma wataƙila Ikko, ya yi gudu a bikin samun 'yancin kai. Tutar dai an ɗaga ta a shekarar, gudun ma na ji an yi. Ni ban je kallon komai ba.

Babu wanda ya naɗa ni mai horar da Manu, ni na naɗa kaina. Ina da keken hawa, ina da agogon aljihu, kuma ni ne babba. Gudu kuwa, ko kare ya biyo ni sai dai in tsaya in ba shi haƙuri. Abin da nake taƙama da shi sani ɗaya ne da na gada. In rani ya yi nisa, mahaifinmu ba ya kai shanu mashaya kullum. Yau su sha, gobe su kwana da ƙishi, tun kafin a tashi doguwar tafiya zuwa kogi. Yakan ce saniyar da ta saba da ruwa kullum ita ke fara durƙushewa a hanya. Na ga hakan da idona, kuma gaskiya ne a kan shanu. Sai na ɗauki wannan na ɗora wa ɗan'uwana. Na ce ruwa nauyi ne, shi ke sa ciwon gefe, shi ke kashe ƙafa. A busar da jiki, ranar tsere sai ya tashi kamar kara. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma ni a lokacin gani nake duk Bauchi babu mai dabarata.

Tsakuwar ƙoda ta farko ta zo wa Manu a bazarar shekarar da ta gabaci ta 'yancin kai. Mun dawo daga gudu ke nan ya dafe kwiɓi, ya durƙusa gindin wata tsamiya ya yi ta amai. Bai yi ƙara ba. Mu a gidanmu namiji ba ya cewa wayyo, ko wuƙa aka sa masa. Kwana biyu yana birgima a tabarma yana cizon hannun riga, fitsarinsa da jini. Na ce tsargiya ce, wane ɗan kiwo ne bai yi ta ba? A rana ta uku ya kira ni bayan ɗaki ya buɗe tafin hannunsa. Wani abu ne kamar ƙwayar dawa, ja-ja, da 'yan ƙayoyi a jikinsa.

"Hamma, wannan ne ya fita," in ji shi. Haka yake kirana, wato yaya.

Mahaifiyarmu, Dada, ita ta matsa aka kai abin wurin Malam Yohanna, malamin asibiti, wani dattijo mutumin Dass da ke zaune kusa da mu. Ya jujjuya shi a hannu, ya tambayi Manu sana'arsa, ya tambaye shi yawan ruwan da yake sha. Manu ya kalle ni.

"Wannan tsakuwan ƙoda ne," in ji Malam Yohanna da irin Hausarsa. "Shi ba ya zuwa sau ɗaya. In ya san hanya zai dawo, kuma zai kawo ɗan'uwansa. Kai mai gudu ne, ruwan jikinka duk yana fita ta gumi. Ka sha ruwa, ka sha, sai ka ga fitsarinka ya zama fari kaman ruwan rijiya. Ƙoda biyu ne Allah ya ba ka. In ɗaya ya toshe, ɗaya zai riƙe ka. In biyu ya toshe, ba ni da magana."

Na yi masa godiya. Muna fita na ce da Manu, mutumin da bai taɓa kora ko akuya ba, me ya sani game da doguwar tafiya? Da damina ta sauka jikinsa ya warware, ya ci tserensa, na ce to ka gani. Bayan kaka wata ƙarama ta sake fita. Wannan ɓoye mini ya yi, sai daga baya na ji.

Azumin shekarar 'yancin ya kama sanyi na ban kwana. Kwanakin farko da sauƙi. Amma goman farko ba ta cika ba gari ya rufe. Duwatsun da suka kewaye Bauchi sukan sha rana tun hantsi, in la'asar ta yi su fara amayo ta, har bangon ɗaki in ka jingina sai ka janye baya. Rijiyoyin unguwa suka ja ƙasa. Mata kan yi layi tun asuba, guga ta sauka ta daɗe, ta fito da rabi, rabin ma laka. Dada takan zuba shi a tulu ta bari ya kwanta, ta tace da tsumma cikin randa, ta rufe da faifai, ta yayyafa wa yashin gindin randar ruwa don ya yi sanyi. A rumfata zare kan tsinke saboda bushewa, man keken ɗinki ya tsiyaye. Ga ɗinkin Sallah ya taru. Kasuwa kan mutu da azahar, mahauta su kwanta ƙarƙashin teburansu, ungulaye su jeru a kan rumfa baki a buɗe. Da yamma hadari kan taso daga gabas, baƙi ƙirin, kowa ya ɗaga kai, ya yi ta cida daga nesa, sannan ya watse ya bar gari da zafin da ya fi na da.

A cikin wannan ne na ga dama ta samu. Na ce Allah ya kawo mana horo har gida. Da an sallame la'asar sai in rufe rumfa in hau keke, Manu ya tuɓe riga. Mu ratsa gari, mu fita ta Ƙofar Inkil, mu miƙe har ƙauyen, mu juyo. Nakan daidaita lokacin yadda za mu shigo gida ladan na gyaran murya. Dada ta riga ta shimfiɗa tabarma, ga kunun tsamiya, ga ƙosai, wata rana da 'yar fura. Ni in kafa kai a moɗa sai na ji cikina ya yi ƙarar tulu, ni da na wuni a inuwa kuma a kan sirdi na je na dawo. Manu kuwa ni ke auna masa. Ludayi biyu in an sha ruwa, ludayi ɗaya da sahur, kunu rabin ƙoƙo. Yakan karɓa da hannu biyu, ya riƙe kurɓin farko a baki ya daɗe kafin ya haɗiye. Ko sau ɗaya bai taɓa cewa in ƙara ba.

Ni ne ɗan fari, don haka Dada ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. Kunyar ɗan fari ce irin tamu, tun ina yaro haka muke. In tana da magana da ni, sai ta gaya wa tukunya ko kazar da ke tsakar gida, ni kuma in tsinta. Wata rana tana kwashe ƙosai, ba ta ɗago ba, ta ce, "A gaya wa mai keke, mutum ba saniya ba ne."

Na yi kamar ban ji ba. Ta koma ajiye wa Manu ƙwaryar ruwa a bakin ƙofarsa in an tashi daga cin abinci. Da safe takan tarar da ita yadda ta ajiye, har ƙuda ya faɗa. Na ji ta da kunnena tana ce masa, "Manu, ka sha, ba mai gani." Ya ce, "Dada, Hamma ya ce a'a." Wallahi a lokacin daɗi na ji. Yau in na tuna, wannan maganar ta fi komai ci mini rai.

Goman tsakiya ta wuce, agogo yana gaya mini abin da nake so in ji. Kullum Manu sai ya rage lokacin jiya. Ya rame ya zama sai jijiya, idanunsa suka faɗa. Ina biye da shi a keke ina kallon bayansa, gumin kan bushe ya bar farin gishiri layi-layi. Daga baya gumin ma ya rage fitowa, na ce jiki ya saba ke nan. In ya tsuguna gefen hanya, abin da yake bari a ƙasa bai fi cikin cokali ba, launinsa kamar jiƙon zoɓo. Na kuma fara ganin hannunsa na komawa kwiɓi, yau dama, gobe hagu. Da ya ji ƙarar kekena ta matso sai ya sauke hannun. Na gani, kada wani ya ce ban gani ba. Na dai ce a raina saura kwana kaɗan, a ci tseren tukuna, in ya so ya shanye kogin Gongola.

Wata la'asar muka yi kiciɓis da Malam Yohanna yana dawowa daga aiki. Ya tsaya ya bi Manu da kallo har ya wuce, sannan ya riƙe mini kan keke.

"Tela, yaron nan yana shan ruwa?"

"Azumi ake yi, Malam."

"Na san ana azumi, shekara ashirin ina cikinku. Azuminku na rana ne. Allah ya ba shi daga magariba har asuba ya sha. Wa ya hana shi?"

Na ce ya sakar mini keke, Manu zai yi mini nisa. Ya saki.

Ranar ashirin da bakwai ga wata iska ta tsaya cak. Ko ganye ba ya motsi, sama ta yi fari kamar kwano. Mun kai Inkil mun juyo, daidai wata fadama da muke kiwo a da, sai na ga gudun Manu ya karkace. Ya yi taku uku a gicciye ya zube. Na jefar da keke. Jikinsa zafi rau, a bushe, babu ɗigon gumi. Ya naɗe kamar wanda aka ɗaure, haƙoransa na kaɗawa, ya dafe bayansa da hannu biyu.

Akwai wata tsohuwa a bakin rijiyar fadamar tana shayar da 'yan maruƙa. Ta taho da ƙwarya a cike tana cewa, "Ku ba shi, ku ba shi! Marar lafiya ba azumi a kansa." Ta durƙusa ta kai masa baki. Manu bai kalli ruwan ba, ni ya kalla. Ni kuma na kalli rana, na ga saura kamar kamu biyu ta faɗi. Na ce, "Inna, saura kaɗan, kada a ɓata masa azumi." Ta dube ni ta daɗe, ta zuba masa ruwan a ka ta tashi. Na ɗora shi a keke na turo shi har Wunti.

A ranar na yar da awo. Na cika moɗa na ba shi, ya sha ya amayar. Na sake ba shi, ya sake amayarwa. Dada ta jiƙa masa sabara, ta dafa tsamiya, ta gasa masa baya da tsumma. Muka zauna jiran tsakuwa ta fita kamar yadda ta saba. Kwana ɗaya, kwana biyu. Ciwon ma ya lafa, na fara murna. Dada ce ta lura da abin da ban lura ba. Ta tsaya a tsakar gida ta ce wa randa, "Tun shekaranjiya yaron nan bai zaga ba."

Ranar Sallah gari ya cika da kiɗa, mutane na wucewa cikin rigunan da na ɗinka, mu kuwa muna ɗauke da Manu a kan ƙyauren ɗaki zuwa asibiti. Fuskarsa ta kumbura, ƙafafun nan da ba su da tsoka sun yi suntum, in ka danna yatsa sai ramin ya zauna. Likita ya duba shi, ya sa roba, babu abin da ya fito. Ya yi magana da Turanci, Malam Yohanna ya fassara mini. Hanya biyun duk sun toshe. Sai an yi aiki, aikin kuma sai a Jos, za a samu motar da za ta kai shi ranar Alhamis. Malam Yohanna bai ce mini ai na gaya maka ba. Da ya faɗa, da na fi samun sauƙi.

Na ce to bari in kawo tulu, ya sha har ta buɗe.

Malam Yohanna ya girgiza kai. Ya ɗauko wani ɗan kofin ƙarfe, bai kai rabin ludayi ba, ya sa mini a hannu. "Wancan lokacin ya wuce, tela. Yanzu duk abin da ya shiga ba ya fita, zai taru ya hau ƙirjinsa ya shaƙe shi. Wannan kofi, sau huɗu a wuni. Ko ya yi kuka kar ka ƙara. In kana so ya kai Jos da rai, kar ka ƙara."

Kwana uku na yi a gefen gadon nan da kofin a aljihu. Ɗakin kwano ne, da rana sai ka ji rufin yana ƙara don zafi. Azumi ya wuce, kowa na sha. Masu jinya na wucewa da butoci, wani na kurkure baki a bakin taga, randar ɗakin tana nan kusa da ƙofa inda Manu ke iya ganinta. Leɓunansa suka tsattsage, numfashinsa ya koma wari kamar na fitsari, shaƙuwa ta kama shi ba ta saki. Dada na zaune a ƙasa ta wajen ƙafafunsa tana yi masa fifita, ba ta kallon kowa.

Ranar Laraba da azahar ya farka daga wani barci mai nauyi. Ya daɗe yana kallon randar. Sannan ya juyo, da wata murya da ban san shi da ita ba, ya ce, "Hamma, ka ba ni ruwa."

Tunda aka haife shi bai taɓa roƙona komai ba. Na ce, "Ka sha na azahar, Manu. Sai la'asar."

"Kaɗan."

"Malam ya ce a'a. Gobe mota za ta zo."

Ya rufe ido, na ɗauka ya koma barci. Can sai ya ce, "Ai na rage lokacin, ko? Ranar nan, kafin in faɗi."

Na ce ya rage.

"To ka ba ni mana, Hamma. Na yi abin da ka ce."

Na tashi na fita. Na tsaya a bayan ɗakin na kifa kai a bango mai zafi na yi kuka irin wanda ban yi ba ko da mahaifinmu ya rasu. Sau biyu na kama hanyar randar ina fasawa. Wata guda na hana shi ruwa a kan wautata, bai tambaya ba. Yau ya tambaya, kuma yau ne kaɗai hanin yake da hujja. Na koma na zauna, na jiƙa tsumma na goga masa a leɓe, ya kama tsumman da haƙori yana tsotsa, na janye. Da la'asar na cika ɗan kofin daidai bakinsa na ba shi. Ban ƙara ko ɗigo ba.

Motar ta zo ranar Alhamis da hantsi, kamar yadda aka ce. Manu ya riga ta tafiya, tun bayan sallar asuba.

Muka dawo da shi Wunti a kan ƙyauren da muka kai shi. Liman ya ce a kawo ruwan wanka, maƙwabta suka fara haɗo abin da ke cikin tulunansu, don rijiyar unguwa ta kusa ƙafewa. Na ce su bari. Na ɗauki guga na tafi ni kaɗai, na yi ta ja, rabi-rabi, laka-laka, har igiya ta yanke mini tafin hannu, na cika tulu shida na jido su a kafaɗa. Liman na cuɗawa, ni ke zubawa. Ya ce ya isa, na ci gaba. Ya sake cewa, "Malam, ya isa haka, ya tsarkaka." Ruwan ya cika shimfiɗar, ya bi ta ƙarƙashin zana, ya malala tsakar gida har bakin ƙofar Dada. Sai da mutum biyu suka riƙe ni kafin aka karɓe tulun daga hannuna.